Kwamfutar da Ba Za Ta Tsufa Ba

Zuwa ga jikata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Mu a nan lafiya, alhamdu lillahi, in aka ɗebe gwiwata ta hagu wadda ta ƙi jin magani, da kakarki wadda ta ƙi jin likita. Tun rasuwar yayana, kakanki na ainihi, ban rubuto miki ba, ban kuma kira ki ba. Rashin kiran da gangan ne. Kunnena ya yi nauyi, sa'an nan shekarun da na yi ina tafinta a kotu sun koya mini cewa maganar da ba a rubuta ba kowa yana iya musanta ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san hatsarin motar da kawunki Auta ya yi bara, kin kuma san likitoci sun yi iyakar yinsu, ƙafafun ba za su tashi ba. Abin da ba ki sani ba, domin a waya kowa "da sauƙi" yake ce miki, shi ne tun da aka dawo da shi gida bai ƙetare ƙofar ɗakinsa ba. Keken da aka saya masa yana nan a naɗe a bayan ƙofa. Labule a sake yake wuni. Abokansa sun yi ta zuwa yana cewa a ce musu yana barci, har ƙafarsu ta ɗauke. Abinci a shiga da shi, rabi ya fito.

Abu ɗaya na ga yana taɓawa, wato tsohuwar kwamfutarsa ta cinya wadda yake wasannin nan da ita. Ta gaji. Tana huci kamar wanda ya hau tudu da kaya, ta ɗauki zafi, ta mutu a tsakiyar wasa, sai in ji ya rufe ta, ɗakin ya koma tsit. Ra'ayina game da wasannin bai canza ba. Har yau ban ga dalilin da zai sa baligi ya wuni yana bin mutanen da babu su ba. Amma ba a nemi ra'ayina ba, kuma wannan shirun ya fi ƙarfina.

Saboda haka na yanke shawarar haɗa masa kwamfutar tebur ta wasa, ba da saninsa ba. Na je wani shago kusa da tashar mota. Mai shagon, mutum ne mai saurin baki, ya ce irin wannan ba a sayenta a haɗe, guntu-guntu ake zaɓa. Ya kuma yi ta nanata wata kalmar Turanci da ke nufin na'urar da zamani ba zai tsufar da ita ba. Na tambaye shi shekara nawa kalmar take nufi, sai ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Ke injiniyar na'urori ce, kuma na san kin san wasannin, domin tare kuka taso kuna yi da shi. Ki rubuto mini abin da za a saya, kowane da dalilinsa. Sharaɗina guda ne: ina so ta kai bayana ba a buɗe ta ba, ba a canza mata ko ƙusa ɗaya ba.

Ki rubuta da Hausa mai kyau. Kakarki tana gaishe ki.

Naki,
Kaka Tafinta

*

Zuwa ga tsohon angona, Kaka Tafinta,

Wa alaikumus salam. Ya gwiwa? Ya Kaka mace, ya jikin Kawu Auta? Ni lafiya lau, sai aiki da ba ya ƙarewa.

A tsaye a bakin ƙofa na karanta takardarka, ina kaiwa ƙasa na koma sama na sake karantawa. Kaka, mene ne "ta kai bayana"? Me likita ya gaya maka? Na kira gida, Kaka mace ta ce gwiwa ce kawai, amma ai kai da kanka ka ce a waya kowa "da sauƙi" yake ce mini. Don Allah kada ka ɓoye mini komai. Na riga na yi wa shugabata maganar hutu.

Batun kwamfuta kuma, mai shagonka ɗan kasuwa ne. Babu na'urar da ba ta tsufa. Abin da kalmar nan take nufi a wurinmu shi ne na'urar da in wani ɓangarenta ya gaji za a cire shi a sa sabo, ba sai an zubar da sauran ba. Ka ga ke nan ita da sharaɗinka ba sa shiga ɗaki ɗaya.

A fara da madabod, babban faifan da komai yake hawa kansa. A nemi wanda mazaunin furosesarsa sabon zubi ne, don furosesar da za a fito da ita nan gaba ta zauna a kai. Furosesa ita ce mai lissafin, matsakaiciya mai kyau ta ishi wasa. Katin girafik shi ke zana duk abin da ido yake gani. Shi ya fi tsada, kuma shi ya fi saurin tsufa, saboda haka kada a wahalar da kai a kan na ƙololuwa. A ɗauki wanda ya dace da allon kallon da za a saya, ran da wasanni suka fi ƙarfinsa a canza. Inda ba a rowa shi ne akwatin wuta, mai raba wa sauran kayan lantarki: ƙarfinsa ya zarce buƙatar yau, don katin gobe ya sami abin ci. Ram kuwa, inda na'ura take riƙe aikin da take cikin yi, madabod gurbi huɗu gare shi, a sa biyu manya a bar biyu a buɗe. Sai kes, gidan da za a zuba duka a ciki. Ya zama babba, mai shan iska, da fankoki, don zafi shi ke kashe kaya.

Hausa mai kyau ka ce, to ga ta. "Madabod" dai haka kowa ke cewa, in kana da wata a aljihu ka ba ni.

Ka gaishe mini da Kawu Auta. Na girme shi amma an sa ni dole in ce Kawu, to ka ce masa a wasa dai har gobe ni ce babba. Kuma ka amsa mini tambayata ta farko kafin komai.

Taka,
Injiniya

*

Zuwa ga jikata Injiniya,

Assalamu alaikum. Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Auta ma yana nan yadda yake. Na isar da gaisuwarki, ya ce yana amsawa, bai juyo ba.

"Ta kai bayana" jimla ce lafiyayya. Abin da ta ce shi take nufi, ba ta ce an ba ni wa'adi ba. Mutumin da ya haura saba'in ba ya buƙatar likita kafin ya iya lissafi. Ki janye maganar hutun nan. Kiran da kika yi ya jawo kakarki ta hana ni gishiri, tana kuma leƙo ni duk lokacin da na yi tari.

Na karanta bayaninki da jan biro a hannu. Gyara ɗaya tukuna: kati ba ya ci. Baya ga wannan, na yarda da akwatin wuta, na yarda da babban kes. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gurbi biyu a buɗe, da kuma katin da tun ba a saye shi ba an fara maganar canza shi. Aikin da aka bar masa rami ba a gama shi ba.

Ki kuma duba wannan da kyau. Kin ce a cire a sa sabo. Wa zai cire? Ke kina nesa. Yayyensa kowa da iyalinsa da aikinsa. Ni kuwa na riga na faɗa miki lissafina. Ba na so wata rana Auta ya zauna yana jiran wani ya sami sarari, ko ya buɗe baki ya roƙi wani. Na ga yadda fuskarsa take komawa idan ya nemi a miƙo masa ruwa, ba na son ya yi wannan fuskar saboda na'ura.

Saboda haka na koma shagon na ce a cike gurbi huɗun, a kawo kati na ƙololuwa da furosesa mafi girma. Na kuma tsare mai shagon sai ya faɗi adadi. Ya yi kwana-kwana, ya ce ya danganta, na ce a inda na yi aiki "ya danganta" ba amsa ba ce. Daga ƙarshe ya ce shekara goma. Ban gamsu da yadda ya faɗa ba, yana kallon ƙofa, amma dai ya faɗa.

Na sa kafinta ya yi tebur mai hannu wanda zai miƙo har kan gado, allon kallo ya zauna a kai, don Auta ya yi wasansa ba sai an ɗaga shi ba. Kes ɗin zai zauna a ƙasa ta gefen bango, kusa da soket. Ranar da za a kawo teburin zan gaya masa komai.

Game da "madabod", na yi tunani. "Uwar faifai" ta zo mini, na juya ta, ban ji daɗinta a baki ba. Ina ci gaba da nema.

Naki,
Kaka Tafinta

*

Zuwa ga jikata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Ban sani ba ko takarda ce ta ɓata a hanya, ko kuwa jan birona ne ya ɓata miki rai. Ko ma wanne ne, ba zan jira ba, domin wani abu ya faru. Jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba a kwance ba.

Kafinta ya kawo teburin da hantsi. Muka shiga da shi, Auta yana kwance ya ba mu baya. Na tsaya a tsakar ɗakin na yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya, yadda na kwana ina tsarawa. Da na ambaci katin girafik sai ya juyo. Jikata, rabon da ya dube ni ido cikin ido tun yana asibiti. Ya tambaye ni wane kati, na karanta masa sunan daga takardar mai shago. Ya ce, "Baba, wannan ai ya yi yawa." Har bakinsa ya fara motsi kamar zai yi murmushi. Zuciyata ta yi sanyi, sai na ƙarasa maganata. Na ce, "An tabbatar mini za ta kai ka shekara goma a nan ba ka nemi komai ba."

Ya dubi teburin. Ya dubi hannun da ya miƙo kan gadon. Sa'an nan ya ce, "Shekara goma."

Na ce, "Aƙalla."

Ya ce, "Haka kake faɗa musu a kotu? A tsaye, hannu a baya?"

Na duba, hannuna a baya yake.

Ya ce, "Wa ya yanke, kai ko likita? Ko kai fassara kawai kake yi?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa kafinta, cikin ladabi, ya taimaka ya fita da teburin. Ya koma ya fuskanci bango.

Teburin yana falo, kakarki ta fara ɗora kayan ɗinki a kai. Tun ranar, abinci yadda ya shiga haka yake fitowa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tsohuwar kwamfutar ma ban ƙara jin hucinta ba.

Na bi jimlar nan kalma-kalma, ban sami kuskuren nahawu ba, ban sami ƙarya ba. Amma na zauna ina tuna wani abu. A aikina na faɗa wa mutane da yawa adadin shekarun da za su yi a ɗaure. Alƙali ke yankewa, amma fuskata suke kallo, domin sai magana ta fito daga bakina suke ganewa. Akwai muryar da nake yin wannan da ita, marar hawa da sauka, don kada a ce tafinta ya ƙara ko ya rage. Na ɗauka na bar ta a can ranar da na ajiye aiki.

Kayan ban karɓo su ba, na ce mai shagon ya dakata. Ki gaya mini abin yi. Wannan karon ba zan ɗauki biro ba.

Naki,
Kaka Tafinta

*

Zuwa ga Kaka,

Wa alaikumus salam. Ba fushi na yi ba, wa zai yi fushi da jan biro. Wani reshen asibitinmu aka tura ni gyaran na'urar ɗaukar hoton ƙashi, na dawo na tarar da takardunka biyu a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta farkon ina dariya, ta biyun kuwa sai da na nemi wuri na zauna. Na kira Kawu Auta bai ɗauka ba.

Kaka, jimlolinka lafiyarsu lau, mu masu ji ne kowa da abin da yake tsoro. Ni da ka ce "bayana" rasuwarka na ji. Shi kuma ka haɗa masa "goma" da "a nan" da tebur a kan gado. Me kake so ya ji?

Ni ma ban tsira ba. Na zauna a nan na zaɓa masa kes kamar firji, ban ce a tambaye shi ba. Alhali shi ya koya mini buɗe kwamfuta, da ƙaramar sukudirebar keken ɗinkin Kaka mace, wadda har yau take nema. Ƙafa ya rasa, kansa da hannuwansa suna nan. Tun da ya dawo gida wani ke zaɓa masa abin da zai ci da lokacin da zai yi wanka. Abu ɗaya da ya fi mu sani, shi ma muka taru muka zaɓa masa.

Ka shiga wurinsa, ka zauna. A bakin gado, ba a tsaye ba. Abin da ka rubuta mini game da fuskarsa da ruwa, da wanda zai cire ya sa sabo, shi ya kamata ya ji, ba ni ba. Sa'an nan ka ba shi takardata da ta mai shago, ka bar masa zaɓin duka, ko da ya zaɓi abin da ni da kai za mu ce shirme ne.

Ka ce wa Kaka mace ta mayar maka da gishirinka, in ji ni.

Taka,
Injiniya

*

Zuwa ga jikata Injiniya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An mayar da gishiri, rabi. Gwiwa ta ƙara tsami, za ki ga dalili a ƙasa.

A kotu, idan tafinta ya ga an ɗauki maganarsa ba yadda take ba, yakan nemi izini ya sake. Na ƙwanƙwasa ƙofar Auta na nemi izini. Bai ce a shiga ba, bai ce kada a shiga ba. Na shiga na zauna a bakin gadon, na faɗa masa abin da kika ce in faɗa. Ban faɗe shi da tsari ba, kuma na yi tuntuɓe a wurare da dama.

Ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce, "Ashe naka shekarun kake ƙirgawa."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Ni na ɗauka nawa." Can kuma ya ƙara da cewa, "To ka daina. Duka lissafin biyu ba na so."

Na miƙa masa takardun. Ya zare birona daga aljihun rigata ba tare da ya tambaya ba. Ya soke katin ƙololuwa, ya ce wuta kawai zai sha, allon da yake so ba ya buƙatarsa. Ya soke babbar furosesar. Ya yarda da ke a kan kada a yi rowar akwatin wuta. Amma ki yi haƙuri, kes ɗinki ya ce wannan kabad ce. Ƙarami yake so, wanda zai ɗora a cinya. Kuma ashe madabod ɗin da ke shiga ƙaramin kes gurbi biyu kawai gare shi, saboda haka gardamarmu ni da ke ta mutu babu wanda ya yi nasara.

Na ce, "A cinya zuwa ina?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Amma ba na son wadda sai an taya ni ɗauka."

Na ce wannan shekara nawa za ta kai. Ya dube ni har sai da na janye tambayar. Ya ce ran da ta fara gajiya zai buɗe ta ya canza abin da ya gaji.

Na ce to, da safe zan je in karɓo. Ya ce, "Baba, mutumin da ya ce maka shekara goma zai iya sayar maka da komai. Ƙaramin kes sai an gwada kati a ciki da ido." Na ce ina da ido. Ya ce ba irin wannan ba.

Washegari aka buɗe keken. Tayoyin sun sace, sai da na kai wa mai faci ya yi musu iska. Matakalar ƙofar gida ta ba mu wahala, ni da maƙwabcinmu direba muka sauke shi, a nan gwiwata ta sami nata rabon. Kakarki ba ta fito ba, tana kicin tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. A titi rana ta sa shi runtse ido. Wasu suka gaishe shi, ya amsa a gajarce, ya ce in ƙara sauri. Daga baya ya ce in sake keken, ya tura da kansa har kwanar tasha.

Shagon ma matakala gare shi, saboda haka mai shagon ya fito da kwalayen bakin titi. A nan Auta ya sa aka buɗe su, ya ɗora kes a cinya, ya cire murfi, ya yi ta jefa wa mutumin tambayoyi har saurin bakinsa ya ragu. Masu wucewa suna tsayawa kallo, bai kula su ba. Ban fahimci rabin abin da suke faɗa ba. Na tsaya a tsakanin mutum biyu masu magana, babu wanda ya buƙace ni, kuma ban ji haushi ba.

An sami komai sai kati. Wanda ke shagon ya fi kes ɗin tsawo. Gajeren da Auta yake so ya ƙare, sai mako mai zuwa. Ya yi tsaki, ya ce zai dawo da kansa, kada a aiko, domin sai ya ga ya zauna daram kafin ya yarda.

Ga abin da nake so ki riƙe a tsakaninmu. A lokacin da nake yawon tambaya, na shiga wani shago a layin bayan kasuwa, kuma ina da tabbacin na ga irin wannan gajeren katin a kan kanta. Har gida suke kawowa. Muna dawowa, kwalaye a cinyarsa ina tura shi, ya tambaye ni ko na san wani wurin da za a duba. Na ce masa ya riƙe kayan da kyau, akwai rami a gaba.

Idan ya kira ki yana tambaya ko akwai wani katin da za a aiko masa a madadin wannan, kada ki yi saurin ba shi amsa. Mako mai zuwa ma ina so a buɗe keken nan.

Naki,
Kaka Tafinta